Akwatin ajiya na NAS: yadda ake saita shi ya rage cin wuta ba tare da an yi asarar abin da ke ciki ba

Masu saurarenmu na Lugu, Bagaji, Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri, da ƴan'uwa da ke Yamai, Kwatano, Abijan ko Faransa, yau bayaninmu a kan wata na'ura ne da ake kira NAS. Ɗan akwati ne, faifai ɗaya ko biyu ko huɗu a cikinsa, ba shi da allo. Ana haɗa shi da waya zuwa akwatin Wi-Fi, sai kowace kwamfuta ko salula ta gida ko ta ofis ta iya ajiya a ciki, ta iya ɗauka. Kamfanonin da aka fi sani da shi su ne Synology da QNAP, dukansu na ƙasar Taiwan.

Me ake zubawa a ciki? Hotuna, takardun ofis, bidiyon suna da na biki, da muryoyi. Mu a nan muryoyin ne suka fi damunmu. Labarin Sarauniyar Lugu da yaƙin da ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kansa a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, amma abin da tsofaffi ke faɗa da bakinsu daban yake. In an ɗauki muryar dattijo, ya rasu, faifan kuma ya lalace, to shi ke nan, babu inda za a koma.

An ƙera akwatin ne don ya kwana a kunne, ya wuni a kunne. Can inda aka ƙera shi ba matsala. Mu kuwa mun san halin wutarmu. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta dawo ba sai bayan da CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024. Ƙauyukan da layin Nigelec bai kai ba kuma, da ma pano da batir ne.

To bari mu yi lissafi. Ƙaramin akwati mai faifai biyu yana cin wajen watt 15 in yana aiki, in faifan sun yi barci kuma wajen watt 5. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe da watt-awa 1200, amma in irin na dalma ne, rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Dare na awa 12 da faifai a farke zai ci 180. Da faifai a barci, 60. Rarar 120 ɗin nan ita ce ƙwan fitila huɗu masu watt 5 na tsawon awa shida. Kun ga ba ƙaramin abu ba ne.

Saitin duk yana wuri ɗaya. A Synology mai Faransanci, a shiga Panneau de configuration, a zaɓi Matériel et alimentation. Na farko da za a nema shi ne barcin faifai, wanda suka rubuta hibernation. Ana ba shi lokaci, daga minti 10 har zuwa awanni: in wannan lokaci ya wuce ba wanda ya taɓa komai, faifan su daina juyawa. In wani ya nemi fayil su farka, bayan ɗan jira na daƙiƙoƙi.

A nan ne mutane ke kuskure. Mai son tsimin wuta sai ya sa minti 10, yana ganin ya yi dabara. Amma faifai kamar babur yake, tayarwa ce ta fi ba shi wahala. Lokacin tashi kowane babban faifai yana iya jan kusan amfiya 2 na ɗan lokaci, kuma kowane tashi da tsayawa yana cin ƙarfen cikinsa. In a ofis ne da ake buɗe fayil kowane kwata, faifan za su wuni suna kwanciya suna tashi sau da yawa, ribar wutar kaɗan, gajiyar da yawa. A ganinmu minti 30 zuwa awa ɗaya ya fi, ta yadda da rana za su zauna a farke, da dare su kwanta sau ɗaya.

Wani lokaci kuma an saita komai amma akwatin ya ƙi barci. Ba lalacewa ba ce, wani abu ne ke taɓa shi: kamarar tsaro da ke zuba hoto ba tsayawa, manhajar salula da ke tura hotuna da kanta, kwamfutar da aka bari a haɗe, ko akwatin kansa yana tsara sabbin hotunan da aka zuba. A rufe su ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Wanda ya haɗa kamara dai ya manta da barcin faifai.

Saiti na biyu shi ne jadawalin kunnawa da kashewa. Ana gaya wa akwatin ya mutu ƙarfe goma na dare, misali, ya tashi ƙarfe takwas na safe, lokacin da rana ta fara bugun pano. Wannan ya fi barci tsimi, don a kashe kusan ba ya cin komai. Sai dai ƴan'uwa na waje, a yi shawara da ku kafin a sa lokacin. Faransa agogonmu ɗaya da su a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu suna gaba da awa ɗaya, don haka ba damuwa. Amma wanda ke New York yana bayanmu da awa biyar ko shida: sa'ad da ya taso daga aiki yana son sauraron muryar gida, nan dare ya yi nisa, akwatin a kashe. Akwai hanyar tayar da shi ta waya, ana kiranta WOL, amma tana buƙatar akwatin Wi-Fi ya kwana a kunne, kuma daga nesa sai da ƙarin saiti.

Fitilun gaban akwatin ana iya rage haskensu. Ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Fanka kuwa kada a yi mata rowa. Yawancin waɗannan akwatuna an ƙayyade musu aiki a ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuma a Afrilu da Mayu zafin Arewa yana wuce haka. Fankar ba ta cin abin kirki, watt ɗaya ko biyu. A bazara a cire ta daga saitin shiru a mayar da ita na sanyaya, ko da ƙararta ta dami mutane. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da kwanon rufi, bayan hunturu kuma a kashe shi a hure ƙurar da ta toshe masa hanci.

Wani abin da ke kashe faifai a ƙasarmu shi ne ɗaukewar wuta farat ɗaya yana cikin rubutu. Maganin shi ne ondiler mai bakin USB. A haɗa wayar USB ɗin da akwatin, a shiga sashen ondiler, a sa masa minti biyar: in wuta ta tafi ba ta dawo ba cikin wannan lokaci, ya rufe aikinsa da kansa a natse. Kada a bar shi sai batirin ondiler ya ƙare, don tsohon batir yana ƙarya game da abin da ya rage masa. Akwai kuma zaɓin ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Da ondiler yana da kyau. Ba ondiler, a ranar da wuta ke zuwa tana komawa, gara a cire alamar, mutum ya kunna da hannunsa bayan ta zauna.

Faifai biyu da ke kwafar juna a cikin akwati ɗaya suna kare mutum in ɗaya ya mutu, amma tsawar damina da ta bi waya duka biyun za ta ƙona. Don haka duk wata a kwafe muryoyin da takardun a wani ƙaramin faifai na USB, a zare shi, a ajiye shi a wani gida daban.