Kujerar Tamale ta Tsakiya: Daga Gukpegu-Sabongida Zuwa Zaɓen da Ba a Kaɗa Ƙuri'a Ba

Da aka zauna tsara wannan mujalla ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, dattawa sun ce a ware shafi guda don tarihin kujerar majalisa ta Tamale ta Tsakiya. Dalilinsu a fili yake. A cikin wannan mazaɓa kasuwar Aboabo take, da babbar kasuwar gari, kuma daga nan yawancin kayanmu ke tashi zuwa Paga, Bawku da Kumashi. Da yawa cikin membobinmu na Nijar, Burkina da Najeriya ba su da ƙuri'a a nan, amma dokar da ake yi a majalisar Akra ba ta tambayar ko mutum ya yi zaɓe kafin ta taɓa jarinsa.

Yaran yanzu sun buɗe ido sun tarar da tutar lema, wato ta NDC, a kan wannan kujera, har wasunsu na ɗauka haka aka halicci garin. Ba haka ba ne. Mazaɓar kanta a 2004 aka ƙirƙire ta, kuma kafin nan mutanen cikin gari sun sha juya wa jam'iyyu baya.

Tamale ba ta zama gari babba ba sai bayan da Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar yankin Arewa daga Gambaga suka kawo ta nan a 1907. Kafin lokacin, Salaga ce cibiyar goro, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwarta, fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa. Da gwamnati ta zauna a Tamale, ciniki ya biyo ta, aka kafa Zangon Hausawa da Zangon Moshi kusa da unguwannin Dagwamba masu gari. Sunan unguwar Sabonjida ma Hausa ce, sabon gida ke nan, kuma wannan suna ya yi shekara 12 a cikin sunan mazaɓa a takardun hukumar zaɓe.

A nan Tamale aka kafa jam'iyyar mutanen Arewa a 1954, wadda ita ma NPP ake kiranta, amma kada a haɗa ta da NPP mai giwa ta yau, ko da yake jini ɗaya ne. S. D. Dombo ne jagoranta, tare da su Tolon Na Yakubu Tali da Mumuni Bawumia, mahaifin Dakta Mahamudu Bawumia. A zangunan Kumashi da Akra kuwa akwai jam'iyyar Musulmi, MAP, wadda ita ma ke adawa da CPP ta Kwame Nkrumah. Abin da ya faru da ita shi ne darasi na farko da mutanen zango suka ɗauka a siyasar Gana. Watanni kaɗan bayan samun 'yanci a 1957, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jagorori biyu a zangon Kumashi, zuwa Najeriya, aka ce ba 'yan ƙasa ba ne. Kafin shekarar ta ƙare an yi dokar hana kafa jam'iyya a kan addini, ƙabila ko yanki, 'yan adawa kuma suka dunƙule a jam'iyyar UP.

Zaɓen watan Agusta na 1969 ya ba jam'iyyar Dakta Busia mulki da gagarumin rinjaye, amma Tamale ta zaɓi lauya Ibrahim Mahama na jam'iyyar NAL, wato ɗan adawa. Ba a yi wata uku cikakku ba, ranar 18 ga Nuwamba, gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban ɗaruruwan mutane suka tashi, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Moshi, har da waɗanda a nan aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. An sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance. A 1970 aka bi da wata doka da ta keɓe ƙaramin ciniki ga 'yan ƙasa. Duk wanda ke mamakin yadda giwa ke shan wahala a zango har yau, to ya zauna da tsoho ɗaya daga cikin waɗanda suka ga motocin 1969. Gaskiya kuma sai an faɗe ta duka: a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, don haka babu ƙasar da hannunta ke da tsabta a wannan harka.

Ibrahim Mahama ya sake fitowa a 1979, ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar SDF da ƙungiyoyin ƙwadago suka mara wa baya, jam'iyyar ta samu kujeru 3 kacal a duk ƙasa. Juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ya rufe majalisa, ba a sake buɗe ta ba sai Janairun 1993.

Da aka dawo mulkin farar hula, kujeru biyu aka ba Tamale cikin 200: Choggu-Tishigu da Gukpegu-Sabongida. A 1992 NPP da wasu jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓen majalisa, NDC ta kwashe duka biyun ba da gumi ba. Amma a 1996, shekarar da Rawlings ya sake cin zaɓe kuma Arewa ta bi shi, Gukpegu-Sabongida ta zaɓi Alhaji Mustapha Ali Idris na NPP, ta kuma sake zaɓensa a 2000. Shekara takwas ke nan giwa na riƙe da kujera a cikin garin Tamale. A zaɓen 2000 ɗin ne kuma Alhaji Aliu Mahama, mutumin da ya yi harkar kwangila a wannan gari, ya zama mataimakin Shugaba Kufuor, Musulmi na farko da ya hau wannan muƙami. Wanda ya dubi Tamale a farkon 2001 zai rantse giwa ta samu wurin zama.

Sai ga watan Maris na 2002, aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa a Yendi tare da mutane da dama. Rikicin gidan Abudu da gidan Andani magana ce ta masu gari, kuma ƙungiyarmu na da membobi a gidajen biyu, don haka ba za mu shiga wane ne ke da gaskiya ba. Abin da ya shafi wannan tarihi shi ne, kisan ya faru ne a zamanin mulkin NPP, kuma mutane da yawa a Tamale sun ɗora wa gwamnati laifin rashin kare sarki. An sa dokar ta-ɓaci da dokar hana fita da dare, ba a ɗage ta a Tamale da Yendi ba sai 2004. Direbobinmu na lokacin ba su manta ba, domin motar da ta makara daga Paga sai ta kwana a bayan gari, mai tumatir kuma ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa kaya.

A cikin wannan yanayi aka ƙara kujerun majalisa zuwa 230, aka raba garin uku: Tamale ta Arewa, ta Kudu da ta Tsakiya. NDC ta cinye ukun a watan Disamba na 2004. Mustapha Ali, yana minista, ya tsaya a ta Kudu, wani matashin lauya mai suna Haruna Iddrisu ya kayar da shi. A ta Tsakiya kuwa Farfesa Wayo Seini ne ya yi nasara, shi ma tsohon jigo ne a NPP kafin ya shiga lema.

Bai yi shekara biyu a kujerar ba. A farkon 2006 ya fita daga NDC, sashe na 97 na kundin tsarin mulki kuma ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kai shi majalisa ya bar kujerarsa. Aka yi zaɓen cike gurbi a watan Afrilu, Farfesa ya tsaya a matsayin mai zaman kansa, Inusah Fuseini na NDC ya doke shi da tazara mai yawa. Daga ranar kowa ya gane cewa a wannan mazaɓa lemar ake zaɓe, ba wanda ke riƙe da ita ba. Inusah Fuseini, wanda shi ma lauya ne, ya sake ci a 2008, 2012 da 2016, ya riƙe ma'aikatar filaye da albarkatun ƙasa, daga baya ta hanyoyi, a gwamnatin John Mahama ta farko. A 2020 bai sake nema ba.

Kada a ce mutanen Tamale ba su iya hukunta jam'iyya ba. A 2012 maƙwabtanmu na Tamale ta Arewa sun kayar da ɗan takarar NDC, suka zaɓi Alhassan Dahamani mai zaman kansa. NPP ma ta yi ƙoƙarin dawowa tsakiyar gari. A mulkin Akufo-Addo aka kafa asusun raya zanguna a 2017, aka sasanta rikicin Yendi har aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu a Janairun 2019, aka kuma buɗe gadar sama ta tsakiyar gari a watan Maris na 2022. Duk da haka Ibrahim Murtala Mohammed, wanda ya taɓa wakiltar Nanton kuma ya taɓa zama mataimakin ministan ciniki, ya kayar da Dakta Ibrahim Anyars a 2020, ya sake ci a 2024, shekarar da giwa ta tsayar da ɗan Arewa Musulmi, Dakta Bawumia, takarar shugaban ƙasa.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya: me ɗan majalisa ke iya yi wa bafatake? Rumfa da kuɗin tikiti na kasuwa a hannun majalisar birni suke, shugabanta kuma shugaban ƙasa ke naɗa shi. An shirya ƙuri'ar raba gardama kan zaɓen ƙananan hukumomi a watan Disamba na 2019, aka soke ta. Kwastan da shingayen hanya na gwamnatin tsakiya ne. Amma doka, ita kam a hannunsa take. Dokar zuba jari ta 2013 ita ta ce baƙon da zai yi ciniki sai ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki, kuma da ita aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumashi da Akra, alhali yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yi alkawarin zirga-zirga da zama. Harajin tura kuɗi ta waya, wanda ya fara da kashi 1.5 cikin ɗari a 2022, an yi shi ne a majalisar da kowane ɓangare ke da kujeru 137, inda ƙuri'a ɗaya ke da nauyi, har aka ba hamata iska a zauren. An soke shi a 2025. Yanzu kuma ga Nijar, Burkina da Mali sun fita daga ECOWAS tun ranar 29 ga Janairu 2025, albasar Galmi kuwa ba ta da wata hanyar zuwa Aboabo da ba ta ratsa iyaka ba. A ganinmu waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a riƙa tsare ɗan takara da su, ba gudummawar suna da ta jana'iza kaɗai ba.

Ranar 6 ga Agusta 2025 jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi Akrofuom, kan hanyarsa ta zuwa Obuasi wajen taro kan haƙar zinariya ta galamsey. Mutum 8 suka rasu, cikinsu har da ministan tsaro Dakta Edward Omane Boamah, da Alhaji Limuna Muniru, da ɗan majalisarmu Murtala Mohammed, wanda yake ministan muhalli, kimiyya da fasaha. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri.

Hukumar zaɓe ta sa 30 ga Satumba don cike gurbin. NPP ta ce ba za ta tsayar da kowa ba saboda girmama mamacin, kuma mutane da yawa sun yaba. NDC ta yi zaɓen fid da gwani tsakanin 'yan takara fiye da goma, Farfesa Alidu Seidu, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Gana da ke Legon, ya yi nasara. Sauran ƙananan jam'iyyu suka janye, aka ayyana shi ɗan majalisa ba hamayya. Ba mu da abin cewa a kan mutumin, muna yi masa fatan alheri. Amma a rubuta: karo na biyu ke nan cikin shekara 21 da aka cike wannan kujera a tsakiyar wa'adi, kuma a wannan karon babu mai sayar da hatsi ko mai tura baro a Aboabo da ya dangwala yatsa, sai in yana cikin wakilan jam'iyya.

Wakilan nan shugabannin rassa ne, mutum 9 a kowane reshe, da wasu masu muƙami. A 2015 NDC ta gwada barin duk mai katin jam'iyya ya zaɓi ɗan takara, daga baya ta koma tsarin wakilai. Tun da kujera ta daina canza hannu, a wurinsu ake yanke ainihin hukunci, kuma bafataken da ke wata Wagadugu, wata Kumashi, da wuya a same shi ranar zaɓen reshe. Ranar rajista ma haka take. A sabuwar rajistar 2020 katin ɗan ƙasa ko fasfo aka nema, ko mutum biyu masu rajista su tsaya wa mutum, kotun ƙoli kuma ta ce takardar haihuwa ba ta isa hujja ba. Mai suna irin namu ya san tambayar da ake yi masa a teburin rajista: daga ina kakanka ya zo?

Babban zaɓe na gaba a 2028 ne. Membobinmu 'yan ƙasa da suka yi rajista a Bawku ko Kumashi amma suke zaune a Tamale suna iya neman a dawo musu da ƙuri'arsu nan idan hukumar zaɓe ta buɗe ƙofar hakan, kuma kwanaki kaɗan take bayarwa.