Kuɗin Talabijin da Sauya Sheƙar Jami'o'i a Wasannin Amurka

A Amurka jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni domin gasar wasanni. A da maƙwabtaka ce ke haɗa su: makarantun yanki ɗaya, masu daɗaɗɗiyar hamayya, su ke karawa da juna. Kuɗin da gidajen talabijin ke biya don nuna ƙwallon ƙafa irin ta Amurka shi ya wargaza wannan tsari.

Tun farkon shekarun 1950 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ke riƙe da ikon sayar da wasannin, har tana ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, a 1984 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar ta karya dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan ciniki ya koma hannun jami'o'i da rukunoninsu. Jami'ar Notre Dame ma ta ƙulla tata yarjejeniyar ita kaɗai da gidan talabijin na NBC a 1990.

Nan da nan manyan rukunoni suka fara zawarcin jami'o'in da ke jan masu kallo. Rukunin SEC ya ɗauke jami'ar Arkansas daga rukunin Southwest, wanda ya ƙarasa rushewa a 1996. Big Ten ta buɗe tasharta ta talabijin a 2007, lissafi kuwa ya canza: yawan gidajen da ke biyan kuɗin tasha ya zama abin dubawa. Shi ya sa ta karɓi Maryland da Rutgers a 2014, don kusancinsu da biranen Washington da New York, ba don sun fi kowa iya wasa ba.

Rukunin Pac-12 na gaɓar yamma, wanda asalinsa ke komawa 1915, shi ya fi kowa jin jiki. A Yunin 2022 USC da UCLA suka sanar za su koma Big Ten, wadda bayan wata biyu ta sa hannu kan kwantiragin shekara 7 da Fox, CBS da NBC, na sama da dala biliyan 7. Pac-12 ta kasa samun tayin da zai gamsar da sauran. A 2023 jami'o'in Oregon da Washington suka bi sahu, wasu huɗu suka nufi rukunin Big 12, Stanford da California suka shiga ACC, rukunin gaɓar Atlantika! Oregon State da Washington State kaɗai aka bari.

Abin takaici, an yi duk wannan ne saboda ƙwallon ƙafa, mai wasa ɗaya a mako, amma ɗaliban da ke buga ƙwallon raga da sauran wasanni su ke kwana a hanya tsakanin Los Angeles a gaɓar yamma da New Jersey a gaɓar gabas, ga karatu na jiransu. A ɓangaren 'yan wasa kuma, a Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun wata shari'a da ake kira House, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har zuwa kusan dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekarar farko.