Yadakunya da taimakon da babu gori

Jama'a, hotunan rabon tallafin da suka cika Facebook sun tuna mini da Yadakunya. A shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi jinyar masu cutar kuturta a can, a 1943 kuma suka buɗe asibitin ido a Kano. Marasa lafiya na zuwa daga ko'ina a lardin, har ƙasarmu ta Rano da Kibiya, Musulmi da Maguzawa. An amfana ƙwarai, amma tun lokacin ake ƙorafin kada magani ya zama tarkon sauya addini. Ita kanta Linjilar Matiyu, babi na 6, ta hana yin sadaka don a gani. To, mabuƙaci ba tsanin hawa ba ne. In za ka ba shi, ajiye wayar, ka bar masa mutuncinsa.