Gobarar Masana'antar Triangle, 1911

Gobarar Triangle gobara ce da ta tashi ranar Asabar, 25 ga Maris 1911, a wata masana'antar ɗinkin rigunan mata da ke birnin New York na ƙasar Amurka. Ta ci rayukan ma'aikata 146, mata 123 da maza 23, galibinsu 'yan ci-rani Yahudawa daga gabashin Turai da kuma 'yan Italiya. Ana lissafa ta cikin abubuwan da suka fi tasiri wajen sauya dokokin ƙwadago a Amurka.

Asalin lamarin

Tsakanin 1880 da 1920 baƙi fiye da miliyan 20 suka kwararo Amurka. Miliyoyi daga cikinsu ta tsibirin Ellis suka shigo, inda aka buɗe tashar tantance baƙi a 1892. Yahudawan Rasha sun gudo wa tsangwama da kisan gilla, mutanen kudancin Italiya kuma talauci ne ya koro su. Da yawa suka tare a cunkusassun gidajen haya na Manhattan, sana'ar ɗinki ta zama hanyar cin abincinsu.

Kamfanin Triangle mallakar Max Blanck da Isaac Harris ne, waɗanda su ma baƙi ne daga Rasha. Ya mamaye hawa na 8 da na 9 da na 10 na ginin Asch, a unguwar Greenwich Village. Ma'aikata kusan 500 ke aiki a ciki, akasarinsu 'yan mata, suna zaune layi-layi a gaban kekunan ɗinki, kwana shida a mako. Albashinsu bai wuce dala 7 zuwa 12 a mako ba.

A Nuwamba 1909 masu ɗinkin rigunan mata na birnin suka tsunduma yajin aiki, bayan wata matashiya mai suna Clara Lemlich ta yi jawabi cikin harshen Yiddish a zauren Cooper Union. Kimanin mutum 20,000 suka ajiye aiki. Ƙananan kamfanoni da dama sun sasanta da ƙungiyar ƙwadago, amma masu Triangle suka yi kememe suka ƙi amincewa da ita.

Ranar gobarar

Wajen ƙarfe 4:40 na yamma, ana shirin tashi daga aiki, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin teburin masu yanka yadi a hawa na 8. Masu bincike sun fi zargin ashana ko guntun taba. Yadi ya cika ko'ina, nan da nan wutar ta bazu. An yi waya zuwa hawa na 10, mutanen can, har da masu kamfanin, suka tsere ta rufin gini. Na hawa na 9 kuwa ba su sami labari ba sai da hayaƙi ya iske su.

A hawa na 9, ƙofa ɗaya daga cikin biyun da ke kaiwa ga matakala a kulle take, domin masu kamfanin suna so kowace ma'aikaciya ta bi ta hanya ɗaya a duba jakarta saboda gudun sata. Matakalar ƙarfe ta bayan gini ta lanƙwashe ta rufta da mutane. Masu tuƙa lif, Joseph Zito da Gaspar Mortillaro, sun yi ta hawa suna kwaso mutane har zafi ya fi ƙarfin na'urar. Tsanin 'yan kwana-kwana bai wuce hawa na 6 ba, ragar da suka shimfiɗa kuma ta yage. Mutane da yawa suka diro ta taga a gaban idon jama'a. Cikin rabin sa'a komai ya ƙare. Mafi ƙanƙanta cikin mamatan shekarunsu 14.

Shari'a

Ranar 5 ga Afrilu dubban ma'aikata suka yi jerin gwanon makoki cikin ruwan sama. An gurfanar da Blanck da Harris bisa tuhumar kisa ba da gangan ba, amma a Disamba 1911 kotu ta wanke su, saboda masu gabatar da ƙara sun kasa tabbatar da cewa mutanen biyu sun san ƙofar a kulle take a lokacin. Daga baya iyalan da suka nemi diyya suka karɓi dala 75 kan kowane rai, alhali kuɗin inshorar da masu kamfanin suka samu ya zarce asararsu da kusan dala 60,000. A 1913 aka sake kama Blanck ya kulle ƙofa a lokacin aiki, aka ci shi tarar dala 20.

Gyaran doka

Abin da kotu ta kasa, majalisa ta yi. Cikin 1911 jihar New York ta kafa hukumar binciken masana'antu ƙarƙashin Robert F. Wagner, da Alfred E. Smith a matsayin mataimaki. Membobinta sun shiga masana'antu da ƙafarsu, suka ga yara ƙanana suna aiki da ƙofofin da ba sa buɗuwa. Shawarwarinsu suka haifar da dokoki fiye da 30: tilasta barin ƙofofi a buɗe, sanya bututun yayyafa ruwa a dogayen gine-gine, atisayen gudun gobara, da hana shan taba a wurin aiki. A 1912 aka ƙayyade wa mata da yara sa'a 54 a mako.

Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta kuma ta yi wa hukumar aiki, ta zama sakatariyar ƙwadago a gwamnatin Franklin Roosevelt a 1933, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka. Wagner, bayan ya zama sanata, ya jagoranci dokar 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya. Dokar 1938 kuma ta kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, senti 25 a sa'a, ta taƙaita aikin yara.

Ginin yana nan har yau, mallakar Jami'ar New York, ana kiransa ginin Brown. A 2011 aka gano sunayen mamata shida na ƙarshe da aka binne ba a san su ba, a Oktoba 2023 kuma aka ƙaddamar da allon tunawa mai ɗauke da sunayen mutum 146 a jikin ginin.