Tashoshin Lantarki na Nukiliya da Girgizar Ƙasa

Tashar lantarki ta nukiliya wuri ne inda a ke samun wuta ba da itace ba, ba da gawayi ba, ba kuma da mai ba. Wani ma'adini a ke amfani da shi, sunansa yuraniyam, irin wanda aka fara haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar cikin 1971. A kan zuba shi cikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai kauri, ya yi zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da wuta. Rasha ce ta fara kunna irin wannan tasha a Obninsk cikin 1954, Ingila ta bi baya a Calder Hall cikin 1956.

To, wannan tukunya tana da wani hali wanda ya kamata a fahimta tun da fari. In mace ta janye itace daga murhu, garwashi ba ya mutuwa nan take. Haka tukunyar nukiliya ta ke, har ma ta fi. Sa'ad da aka kashe ta, zafin da ya rage ya kan kai kashi 6 ko 7 cikin 100 na wanda ta ke bayarwa tana aiki, sa'an nan ya riƙa raguwa sannu sannu, kwana da kwanaki. Tilas a yi ta zagaya mata ruwa. In ruwa ya yanke, sandunan yuraniyam su narke, guba ta nemi hanyar fita. Famfunan da ke tura ruwan kuwa da lantarki su ke aiki. Ashe tashar da ke ba garuruwa wuta ita kanta ba ta iya zama lafiya in babu wuta.

Sabo da haka a ke tanada wa kowace tasha hanya uku. Ta fari, wayoyin da ke kawo wuta daga waje. Ta biyu, manyan janaretoci masu shan dizal, waɗanda ke tashi da kansu in wutar waje ta ɗauke. Ta uku, batura, su ne ke riƙe da fitilu da agogunan awo na ɗakin masu tsaro. Tsakanin waɗannan duka akwai taransifoma, da allunan rarraba wuta, da ƙananan makunnai masu buɗewa da rufewa da kansu. Abin da magina suka daɗe suna tambaya shi ne, ran da ƙasa ta girgiza, waɗannan kaya za su tsaya?

Babu ƙasar da tambayar nan ta dama kamar Japan. Cikin 1923 girgizar ƙasa ta rushe Tokyo da Yokohama, mutum fiye da 100,000 suka hallaka. Don haka da suka sayi tasharsu ta fari daga Ingila, wadda ta fara aiki a Tokai cikin 1966, sai da aka sake fasalinta don ta jure motsin ƙasa. Amma a zamanin nan galibin hankali ga gini da tukunya ya ke, don su ne manya, su ido ke gani.

Ran 9 ga Fabrairu 1971 ƙasa ta girgiza a San Fernando ta jihar Kalifoniya, ta ragargaza wata babbar ma'aikatar rarraba wuta a Sylmar. Wannan ba ta nukiliya ba ce, amma injiniyoyi suka ga abin da girgiza ke yi wa kayan lantarki: tangaran ɗin da ke riƙe wayoyi ya farfashe, kayan da ba a ɗaure su da kyau ba suka goce daga mazauninsu. Cikin wannan shekara ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 344, ta gwajin kayan tashoshin nukiliya, aka kuma sake gyara ta cikin 1975.

Ga yadda gwajin ya ke. A kan ɗora allon wuta ko batir bisa wani faifan ƙarfe wanda injuna ke jijjigawa gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, kamar yadda ƙasa ke yi. Ba a gwada shi a kashe, sai an kunna shi yana aiki. Dalili kuwa, ɗan makunni ya kan yi kakkarwa ya buɗe na ƙiftawar ido, ko da bai karye ba, wannan kuwa ya isa ya tsai da famfo ko ya rufe bawul. Har wa yau a kan lura da inda za a ajiye kayan, don abin da ke saman bene ya fi na ƙasa jijjiga, kamar yadda kan giginya ya fi gindinta kaɗawa. Japanawa suka gina babban faifan gwaji a Tadotsu cikin 1982, mai ɗaukar tan 1,000, sa'an nan wani a Miki cikin 2005, mai ɗaukar tan 1,200.

Ran 16 ga Yuli 2007 ƙasa ta gwada aikinsu a Kashiwazaki-Kariwa, tasha mai tukwane 7. Girgizar ta fi ninki biyu na abin da aka yi lissafi a wani sashe na tashar. Duk da haka tukwanen da ke aiki suka kashe kansu, aka sanyaya su lafiya. Sai dai a waje, ƙasar da ke kusa da wata taransifoma ta lotsa, mahaɗin wuta ya goce, mai ya zuba, gobara ta tashi. Da aka je kashewa, sai aka tarar bututun ruwan kashe gobara su ma sun fashe. Wuta ta ci wajen sa'a biyu, duniya tana kallon hayaƙin a talabijin. Kayan da aka gwada sun tsaya, waɗanda aka ɗauka ƙanana ne su suka ba da kunya.

Babbar masifa ta zo ran 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2 da minti 46 na rana. Girgiza mai ƙarfin 9 a ma'auni ta auku ƙarƙashin teku, gabas da Japan. A tashar Fukushima Daiichi tukwane 3 da ke aiki suka kashe kansu. Wutar waje ta yanke gaba ɗaya, don kayan rarraba wuta sun lalace, wata hasumiyar waya kuma ta faɗi da tudun da ke kusa da ita ya zaftare. Janaretoci suka tashi kamar yadda aka shirya. Kafin sa'a guda ta cika, sai ga ambaliyar teku, wadda su ke kira sunami, tsayinta wajen mita 14, alhali tashar bisa tudu mai mita 10 ta ke. Ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda janaretoci da allunan wuta su ke. Cikin janareto 13, guda ɗaya tak ya ci gaba da ba da wuta. Akwai biyu da ruwa bai taɓa ba, amma allunan da za su kai wutarsu ga famfuna sun nutse, don haka ba su yi amfani ba. Ma'aikata suka koma ciro baturan motoci suna haɗawa don su karanta agogunan awo cikin duhu. Tukwane 3 suka narke, gine-gine suka fashe ran 12 da 14 da 15 ga wata, mutum fiye da 150,000 suka bar gidajensu.

Tashar Onagawa ta fi Fukushima kusa da tushen girgizar, amma ta tsira. Tun wajen 1968 wani tsohon injiniya, Hirai Yanosuke, wanda ya san labarin ambaliyar shekarar 869, ya dage sai an gina ta bisa tudu mai mita 14.8. Ruwa ya taso wajen mita 13, ya tsaya. Ita ma ba ta fita ba tabo ba: cikin layukan waje 5 ɗaya kaɗai ya rage, wani allon wuta kuma ya kama gobara don makunnansa a rataye su ke, jijjiga ta kaɗa su suka karye. Amma wuta ba ta yanke wa famfuna ba, har mutanen gari fiye da 300 suka sami mafaka cikin tashar.

Cikin Agusta na wannan shekara ƙasa ta motsa a jihar Bajiniya ta Amurka, kusa da tashar North Anna. Ƙananan makunnan da ke tsaron taransifoma suka ɗauki jijjigar a kan ɓarna ce, suka yanke wutar waje. Janaretoci suka riƙe tashar, ba a yi hasara ba, aka sake kunna ta cikin Nuwamba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasashe da yawa suka sake duba tashoshinsu. Japan ta kafa sabuwar hukumar tsaro cikin Satumba 2012, ta fitar da dokoki cikin Yuli 2013: a sa ƙofofin da ruwa ba ya shiga, a ƙara batura, a ajiye motoci masu janareto bisa tudu, kada kuma a tara kayan ceto duka wuri ɗaya. Ran 1 ga Janairu 2024 girgizar Noto ta sa taransifomomin tashar Shika suka zubar da mai, wasu layukan waje suka yanke. Tashar tana kashe tun 2011, sauran layukan kuma suka isar, amma abin ya nuna aikin bai ƙare ba.

Abin da tarihin nan ya koyar shi ne, katangar siminti mai kauri ba ta tsare tasha in kusoshin da ke ɗaure allon wuta sun yi sako-sako, ko in an ajiye shi inda ruwa zai same shi. Mai lissafi kuma ya kan auna da girgizar da ya sani, ƙasa kuwa ta kan zo da wadda ta fi. Don haka injiniyoyi suka koyi ƙara rata bisa lissafinsu, da gwada ƙaramin makunni kamar yadda su ke gwada tukunya, tun ƙasa tana kwance lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.