Daga Makuba Zuwa Siminti: Waiwaye Kan Gyaran Gidajen Ƙasa

A da, in zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas, duk mai gidan ƙasa a birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san abin da ke gabansa. Za a kira magini ya hau soro, ya bi rawani da zankwaye yana neman inda ya tsage, ya zaƙulo sharar da ta toshe indararo, ya liƙe ramukan gara da na ɓera. Ba wanda ke ba wannan aiki wani babban suna. Yaɓe ne kawai, kuma shi ya riƙe gidajen da aka haifi kaka a ciki, aka yi sunan tattaɓa-kunne a zaurensu.

Kayan aikin duk na kusa ne. A haƙo jar ƙasa daga kududdufin unguwa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓe. Da ita ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Rufi kuma na azara ne, wadda ake farkewa daga giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa komai ba. Azara ba ta ɗaukar tazara mai nisa, shi ya sa in ana son ɗaki mai faɗi sai a tayar da bakan gizo, a yi ɗaurin guga. Abin da ke hana ruwa shiga kuwa biyu ne: makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Ka ga ashe gida ɗaya ya rataya ne a wuyan marini da majemi da mai faskaren giginya. Duk sana'ar da ta mutu a cikinsu, bango zai ji a jikinsa.

Da irin wannan hannu Gidan Makama na Kano ya kawo yau, ginin da ake danganta asalinsa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar da yake taɓawa a bangon ita ce ta zamanin Rumfa. An sake ta ba adadi. Abin da ya daɗe shi ne fasali da tsari, da kuma ilimin da magina ke miƙa wa 'ya'yansu a ƙarƙashin Sarkin Magina. A Zariya wannan ilimi ya kai ƙololuwa a hannun Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Abin mamaki, Turawa ba su ne suka fara raina ginin ƙasa ba. Da suka ci Kano a 1903, a Gidan Makama suka fara zaman ofis. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, kuma gidan ƙasa ya zauna a ciki, gidan da har yau ake kira da sunansa. Maginan gari ne suka riƙa yi wa Turawa gini a wancan lokaci, aka ƙara faɗin taga, aka sa ƙyauren katako, amma bango na nan da kaurinsa, kuma ana yaɓe shi a kan kari. Za a iya cewa wannan ne karo na farko da aka zamanantar da soro ba tare da an ɓata shi ba.

Sai kwano ya shigo, siminti ya biyo baya. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979, tsakaninsu kuma kuɗin fetur da ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Gidan bulo ya zama shaidar arziki, gidan ƙasa ya koma abin da ake neman afuwa a kansa in an yi baƙo. Mai hali ya rushe ya tayar da bene. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya yi abin da yake gani rangwame ne: ya lulluɓe bangon ƙasa da filastar siminti, don ya huta da yaɓen shekara-shekara.

Na ga ƙarshen wannan dabara a zauren gidanmu. An yi filasta, aka shafa fenti ruwan ƙwai, maƙwabta suna ta sam barka. Bayan 'yan damuna sai wata siririyar tsaga ta fito daga gindin indararo. In ka ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ranar da ɓangare guda ya ɓamɓare ya faɗo, abin da ke bayansa ya zama gari mai laima, ga hanyoyin gara sun yi rassa har sama. Tsohon maginin da aka ɗauko ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce, "Alhaji, ai kun toshe mata hanci ne. Ƙasa numfashi take yi." Gaskiyarsa. Bangon ƙasa yana shan laima da damina ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa in ruwa ya sami kafa ya shiga bayansa, ba ya barinsa ya fito. Garin neman gira aka rasa ido.

Su ma manyan gine-gine ba su tsira daga wannan ruɗani ba. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin Babban Gwani da sabon gini na zamani, aka bar bakan gizonsa a ciki. A Jos kuma, Z. R. Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland da ya auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, ya sa aka gina kwafin masallacin a gidan tarihi. Wato a Zariya an rufe shi, a Jos an kwaikwaye shi. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka. Shekara ta zagayo, ruwan Satumba na 2024 ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram ta ƙasar Nijar.

A Nijar ɗin dai aka fi ganin wata hanya ta daban. UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 da gidajen da har yanzu mutane ke kwana a ciki. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun karɓi tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa, suka nemo magina na gargajiya aka gyara shi, ya zama ɗakin karatu a 2018, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba a mai da tsohon ginin kayan kallo ba. An ba shi aiki, kuma ginin da ake shiga kullum ba ya rasa mai lura da tsagarsa.

Ni ban ga laifin wanda ke son lantarki da famfo da banɗaki na zamani a gidan gado ba, don ba wanda zai zauna a duhu saboda tarihi. Sai dai ƙasa na da sharuɗɗanta. Bututun ruwa ya bi ta waje inda za a ga yoyonsa, kada a binne shi cikin bango. Banɗaki a gina shi da bulo a gefe, ya ba tsohon bango tazara. In za a sa kwano, ana iya ɓoye shi a bayan rawani, zankwaye su ci gaba da tsayuwarsu. Kwata kuma ta kai ruwa nesa da gindin gini.

Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce hannu. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo, ɗorawa da giginya kuma sai an yi tafiya kafin a same su. In akwai soro a gidanku, kuma akwai tsohon magini da ya rage a unguwarku, a kira shi tun kafin ruwan bana ya sauka, a kuma haɗa shi da yaro ɗaya ya riƙe masa kwarya.