Labarin Kayan Sarautar Kano, Daga Rumfa Zuwa Dabo

Wanda ya ga Sarkin Kano ranar hawan salla, da alkyabba da rawani mai kunne biyu, tagwayen masu a hannu, ana yi masa fifita da figini, sai ya zaci haka abin ya ke tun fil azal ba yankewa. To, ba haka ba ne. Akwai zamanin da kayan nan suka kusa ɓacewa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara figini da takalman gashin jimina da busa kakaki. Shi ne kuma ya gina gidan sarautar da har yau a ke kira Gidan Rumfa. Sarakunan Haɓe da suka biyo bayansa suka yi ta ƙari a kan wannan ado, har ya kai ga abin da malamai ba su iya kau da kai gare shi.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi cikin 1804, tufafi na cikin abin da ya zargi sarakuna da shi. A cikin Kitabul Farƙi ya lissafa cewa suna sa abin da ransu ya so, ba su kula ko halal ne ko haram, alhali kuwa Shari'a ta hana wa maza zinariya da tsantsar alharini. Saboda haka Sulaimanu, Sarkin Kano na fari cikin Fulani, ya zauna zaman malami. An ce ko Gidan Rumfa bai yarda ya shiga ba da fari. Tsoron Allah ya samu, amma kwarjini ya ragu, manyan gari kuwa ba su cika jin maganarsa ba.

Ibrahim Dabo ya hau cikin 1819, ya tarad da ƙasa ta ɗauki tawaye ko'ina. Ya duba ya ga talakawan da suka saba ganin sarki cikin haiba ba su rusuna wa mai rigar almajirai. Sai ya nemi izni wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mai da sarautun dā da kayansu. Lalle dabara ce ta mai hankali, ko da ya ke ta yi nisa da abin da aka fito dominsa. Naɗi kuwa ya zama daga Sakkwato ya ke zuwa, watau alkyabba da rawani.

Kayan da kansu aikin talakawa ne. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, maɗinka su harhaɗa, marina su tsoma a baba, mabuga su buga har kore ta riƙa walƙiya, sa'an nan mai aikin allura ya shafe watanni bisa aska takwas guda. Zaren tsamiya na gida ne, jan alharini kuwa fataken Gadamus su ke kawo shi daga Tarabulus bisa raƙuma. Bature Barth, wanda a ke ce wa Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa kowace shekara sun kai wuri miliyan 300 a ƙalla.

Turawa da suka ci Kano cikin 1903 ba su taɓa alkyabba ko rawani ba. Abin da suka ƙara sanda ce, wadda Gwamna ke miƙa wa sarki ranar tabbatad da shi, Sarki Abbas ne kuwa na fari a zamaninsu. Mulkin En'e ya shuɗe cikin 1976, amma sandar ta saura, gwamnan jiha ke ba da ita.